Wutar Bukkar Jendrek

Talata, 2 ga Satumba, da yamma

Na hau dutse yau. Gwiwoyina sun yi ta zagina tun daga gadar katako har ƙofar bukka, amma na iso. Rabona da filin nan tun ina iya tsallake rafi ba tare da na nemi dutsen takawa ba. Duwatsun Tatra kuwa suna nan yadda na bar su, kawunansu a cikin gajimare, ƙararrawar tumaki ta cika kwari.

Klimek, ƙanin mijina, na tarar a bakin ƙofa yana wanke bokitin tatsa.

"Matar yaya, me ya kawo ki?"

"Wuta."

"Mace ba ta kwana a bukkar makiyaya, Ludwina. Kin fi kowa sani."

"To daga yau ka ɗauka gemu gare ni. Matsa in wuce."

Ya matsa, yana ta gunaguni.

Wutar tana ci, na gode wa Allah. Mijina Jendrek ne ya kunna ta da hannunsa ranar da aka hau da garke a watan Mayu, ya yayyafa wa bukka ruwan albarka, kuma ba a barin ta ta mutu sai ranar Mala'ika Mika'ilu, ƙarshen watan nan, in tumaki sun sauka gida. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Tsofaffi sun ce in ta mutu kafin ranar, abin a kan uban garke yake faɗawa. Uban garke kuwa Jendrek ne, kuma ranar Asabar jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi daga filin nan zuwa asibiti. Iya abin da zan rubuta ke nan.

Klimek da Wasil, mutumin da muka ɗauka aiki bana, suna bayan tumaki daga safe har yamma. Wa zai zauna da wuta? Ni.

Laraba, 3 ga Satumba, da hantsi

Hayaƙi ya hana ni buɗe ido. Ashe wannan warin da nake ta wanke wa mutumin nan daga riga shekara da shekaru, nan ne gidansa. Cukun da ya jera a kan katakon saman wuta ya yi ja, ya yi kyau. Na juya su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na ga yana yi. Hularsa tana rataye a ƙusa. Ban taɓa ta ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, da azahar

Waya ba ta kamawa sai an hau ƙaton dutsen da ke bayan bukka. Na hau da rarrafe, tumaki suna kallona. Tekla ce, 'yata, daga asibiti.

"Mama, wai da gaske ne? Kin bar mijinki a gado kin tafi gadin toka?"

"Ke kina wajensa ai."

"Ni 'yarsa ce, ba matarsa ba. Likita yana son magana da ke."

"Ki ce ya faɗa miki. Ke kika yi makaranta."

Na ji ƙarar takalman ma'aikata a bayanta. Sai ta fara ba ni labarin yadda aka ba shi miya da cokali, na ce mata wayar tana yankewa. Ba ta yankewa.

Wuta tana ci.

Juma'a, 5 ga Satumba, da safe

Dunai, farin karenmu, ya ƙi bin tumaki. Yana kwance a inda iskar jirgi ta kwantar da ciyawa ranar Asabar. Na kai masa ruwan cuku, ya sha, ya koma ya kwanta. Na ce masa shi ma rago ne kamar mai shi, ya kaɗa wutsiya.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan azahar

Ignac, malamin daji, ya zo. Shi da Jendrek ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba. Ignac ya ce tumaki sun wuce iyakar da hukumar gandu ta shata, Jendrek ya ce kakansa yana kiwo a nan tun kafin a haifi hukumar. Su yi ta yi har murya ta dashe, sannan su zauna su sha ruwan cuku a ƙwarya ɗaya.

Yau bai ƙirga tunkiya ko ɗaya ba. Ya cire hula a ƙofa, ya tsaya yana murza ta.

"Yaya mai jikin, Uwargida?"

"Da sauƙi."

Ya dubi wutar, ya dube ni, ya gane. Mutum ne mai kunya. Don ya sami abin faɗa sai ya shiga ba ni labarin gafiyoyin dutse, masu fiton nan, wai sun fara toshe ramukansu tun yanzu, sanyi zai zo da wuri. Wai kuma an ga sawun Kawu a gefen rafi. A nan sama ba a kiran sunan beyar, ƙaton naman dajin nan mai kashe tumaki, Kawu ake cewa, kada ya ji ya amsa. Ba a harbinsa, ba a kafa masa tarko. Ignac ya ce a gandun nan Kawu ya fi shi gata.

Da zai tafi ya ce in ban da tumakin Jendrek da daji ya cinye filin nan tuntuni, furannin bazara ba su sami inda za su fito ba. Na ce to me ya hana ka faɗa masa haka a gabansa? Ya ce, "In faɗa masa? Ai sai kansa ya fi hularsa girma."

Na yi dariya. Ban san tana nan cikina ba.

Talata, 9 ga Satumba, da yamma

Wata 'yar birni ta sayi cuku, ta roƙe ni in tsaya kusa da wuta ta ɗauke ni hoto. Ta tambaya ina tsohon da ke nan bara, mai waƙa. Na ce ya sauka gari.

Jendrek mai waƙa! Muryar da ke sa kare ya bar ɗaki. Amma da ita ya same ni, ba zan ɓoye ba. Ya tsaya a wancan gefen kwari, ni ina tattara ciyawa a wannan gefen, ya yi ta ihun baiti har babata ta ce, ki je ki amsa masa ko ma huta.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ruwa tun asuba. Wuta tana ci.

Juma'a, 12 ga Satumba, da azahar

Ruwa. Rafi ya zama kogi, yana mirgino duwatsu, ana jin su har cikin ƙirji. Wasil ya sauka ya dawo, ya ce ruwa ya tafi da gadar katako. Keken dokin da ke kawo mana itace daga ƙauye ba zai hau ba sai an gyara.

Na je na duba rumfar itace. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Jendrek bai san da tafiyar ba, ya bar ta saura kaɗan.

Lahadi, 14 ga Satumba, da safe

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Daji ya kewaye mu ta ko'ina, itatuwan da guguwa ta kayar suna kwance sun bushe tun shekarun baya, amma ko tsinke ba ka da ikon ɗauka. Dokar gandu ce: abin da ya faɗi a daji na daji ne, ya ruɓe a inda yake, ƙwari su ci, ƙananan itatuwa su tsiro a jikinsa.

Klimek ya ɗauko gatari.

"Ina za ka?"

"Coci. Ina kike gani za ni da gatari?"

"Ajiye shi."

"Matar yaya, mataccen icce ne. Wa zai gani cikin ruwan nan?"

"Kututture zai gani, shi zai faɗa wa Ignac. In suka karɓe izinin kiwo, kai za ka je ka gaya wa yayanka? Ka san shekarun da ya yi yana sintiri kafin a bar mu mu dawo filin nan."

"To in wutar ta mutu fa?"

Ya jefar da gatarin, ya ce shi ya sa tun farko aka hana mata hawa nan. Na ce in maza sun iya tanadin itace ai da matan suna gida suna hutawa. Daga baya na ga ya ajiye mini mafi taushin cuku a kan faranti. Halinsu ɗaya da yayansa, bakin ne kawai ba daɗi.

Litinin, 15 ga Satumba, da yamma

Na ƙona bencin baƙi. Masu yawon buɗe ido sai su tsaya, ƙafafunsu sabbi ne.

Laraba, 17 ga Satumba, da azahar

Ina zaune ina tsaga murfin tsohuwar ganga sai na hango wani abu yana hawowa, kamar rumfa mai ƙafafu. Ignac ne, ya ɗauko itace a baya, ya bi ta hanyar sama da ba ta ratsa rafi. Daga gidansa ya ɗebo, busasshe, tsagagge. Ya sauke, ya zauna a ƙasa yana haki, fuskarsa ta yi ja kamar gwanda.

"Aikina kashe wuta ne a gandun nan," in ji shi. "In maigidana ya ji na zama mai yi mata hidima, na shiga uku."

Na ba shi ruwan cuku mai zafi. Na buɗe baki na ce, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai na ji abin da na faɗa, na tuna hannun Jendrek da aka ce ya daina motsi, na tashi na shiga gyara wuta.

Ya ce ƙanƙara ta sauka a sama, an rufe hanyoyin kan tsauni, za a tura shi can ya tsare masu taurin kai. Ba zai sami dawowa ba sai mako mai zuwa.

Alhamis, 18 ga Satumba, da safe

Gari ya waye, kawunan duwatsu fari fat. Awakin dutse sun sauko har gefen filinmu, suna kiwo ba ruwansu da kowa. Na tsaya ina kallonsu ina cewa a raina, bari in kira Jendrek ya gani. Har na juya.

Tekla ta ce an zaunar da shi a kujera. Ta ce yana kallon ƙofa duk lokacin da aka buɗe. Ban tambaye ta ko ya yi magana ba, ita ma ba ta ce ba.

Tsoro nake ji. To, na rubuta. Mutumin da ke ɗaga rago da hannu ɗaya, wanda in ya yi kira daga nan ana ji a wancan kwari. Muddin ina nan, wancan Jendrek ɗin nake wa gadin wuta. In na sauka, ban san wanda zan tarar ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Kawu ya ɗauki tunkiya ɗaya da rana tsaka. Klimek ya zage shi tas, amma da ladabi, bai kama suna ba. Yanzu shi da Wasil ba sa matsawa daga garke ko na minti ɗaya. Itacen Ignac ya yi rabi. Ina sa wa wuta kaɗan-kaɗan, kamar mai ba mara lafiya abinci.

Asabar, 20 ga Satumba, da yamma

Ruwa ya dawo da iska. Na ƙona katakon gadona, zan kwanta a kan buhunan ulu. Wuta tana ci, amma ta rame.

Lahadi, 21 ga Satumba, da la'asar

Dole in rubuta wannan.

Na rufe garwashi da toka, na ɗora guntun icce, na hau dutsen waya. Minti biyar na ce zan yi. Tekla ta ɗauka, ta ce, "Mama, ba zan ƙara roƙon ki ba. Ga shi nan, na kara masa a kunne. Ki yi magana."

Numfashi kawai na ji. Na san shi, shekara arba'in ina jin sa a ƙeyata.

Sai na hau surutu. Na gaya masa tunkiyar nan mai yagaggen kunne ta sake tsallake shinge. Na gaya masa Klimek ya zuba gishiri sau biyu a miya ya ce laifina ne. Na gaya masa Ignac ya yi mana dakon itace, kuma ya yabi tumakinsa a bayan idonsa. Na gaya masa ya bar rumfar itace wayam, sai ya dawo mu yi ta. Ruwa yana dukana ina ta zuba, ban san lokacin da ya wuce ba. Can sai na ji wani sauti daga wajensa, kamar tari kamar dariya. Wayar ta mutu.

Na sauko ina murna. Tun daga ƙofa na ga babu hayaƙi.

Iska ta ɗauke katako biyu daga rufi, daidai saman murhu. Ruwa ya zuba a kai. Na tona tokar da hannuna, baƙa ce, jiƙaƙƙiya, sanyi ƙalau.

A haka Klimek ya same ni. Ya tsaya a kaina ruwa yana ɗiga daga hularsa. Na jira ya ce ai na faɗa, mace a bukka. Sai ya durƙusa, ya zura hannu cikin tokar har wuyan hannu, ya lalube ko'ina. Babu. Ya tashi ya rufe ƙofa don kada Wasil ya gani, ya fasa kujerar tatsarsa, wadda ubansu ya sassaƙa masa, ya zaro ashana daga cikin hula.

"Klimek, ba a yi."

"Ba a yi me? Ni na shigo na tarar da garwashi, na hura. Me kika gani?"

"Klimek."

"Matar yaya, kada ki gaya wa yaya. Ko da wasa. Kin ji ni?"

Sai a ashana ta uku ta kama.

Litinin, 22 ga Satumba, da asuba

Na hau dutsen waya, ba ta kama ba. Zan sauka ta hanyar sama. Klimek ya ce zai bar Wasil da karnuka, shi ya zauna a bukka. Ya ba ni sandarsa da cuku ɗaya a tsumma. Ban ci komai ba. Ya Yesu, kada ka sa in makara.

Litinin, da yamma, asibiti

Yana nan.

Na tsaya a ƙofar ɗakin na kasa shiga, sai da Tekla ta tura ni ta baya. Yana zaune a kujera kusa da taga, an aske masa gemu, wani wawa ya taje masa gashi gefe ɗaya kamar ɗan makaranta. Ya rame. Gefen fuskarsa na dama ya sauka, hannun yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Amma idanun nasa ne, har da hararar.

Ya miƙo hannun hagu ya kama bakin rigata, ya ja ta zuwa hancinsa. Ya daɗe yana shaƙa. Tekla ta ce za ta je neman shayi, ta fita.

Maganarsa tana fitowa ɗaya-ɗaya, sai ya yi dambe da kowace kalma.

"Wuta?"

Duk hanya ina haddace ƙaryar da zan yi. Na duba fuskarsa, ta gudu.

"Ta mutu, Jendrek. Jiya. Ina kan dutse ina maka surutu, ruwa ya shiga. Klimek ya sa ashana. Ya ce kada in gaya maka."

Ya rufe ido. Kafaɗunsa suka fara girgiza, na ce shi ke nan, na kashe shi. Ashe dariya yake yi, da rabin baki, hawaye yana bin ɗaya gefen. Ya nuna ƙofar da Tekla ta bi.

"Haihuwa," ya ce. "Ita."

"Ranar da na haifi Tekla?"

Ya gyaɗa kai. Ya buga ƙirjinsa, ya yi nuni da yatsu biyu suna gudu zuwa ƙasa. Na tuna. Watan Yuli ne, ya faɗo ɗakin haihuwa yana warin tumaki, ungozoma ta kore shi da tsintsiya. A lokacin ya ce mini ya bar wani a bukka.

"Ba kowa," ya ce. "Na koma. Toka." Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. "Ashana."

"Shekara talatin da shida, Jendrek! Ka bar ni na ƙona gadona!"

Ya ɗora yatsa a leɓe. "Klimek. Kada."

Na yi masa alkawari. Yanzu ina riƙe da amanar mutum biyu, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa ashana.

Sai dariyar ta tafi. Ya dube ni sosai, ya nuna kansa, ya nuna ni.

"Ni, na sauko," ya ce. "Ke, kin daɗe."

Na jawo kujera na zauna a gefensa na dama, inda na san ba zai so a zauna ba, na ɗauki hannun nan na ɗora a cinyata. Yana da nauyi, yana da ɗumi. Na gutsuro cukun na sa masa a baki, ya ɓata fuska, wai hayaƙi ya yi yawa.

Tekla ta dawo da shayi, ta tambaya ko gobe zan koma dutse, don ta nemo mini mota zuwa bakin gandu. Na ce ta nemo mini bargo.